Wa Zai Hau Fankar Jusayu

Yayana Leoncio mutum ne da in ya riƙe al'ada ba ya sassauta mata ko da wasa. Shi ne kawun danginmu na Jusayu, shi ke magana a kan ƙasa da maƙabarta da rigimar awaki, kuma tun da ya gaji matsayin nan ban taɓa jin kalmar "wataƙila" ta fito daga bakinsa ba. Ni Eudocia ƙanwarsa ce, ciki ɗaya. Rumfata da tasa muna jin tarin juna, saboda haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, wanda ba a yi a gabana ba kuwa a bayan shingena aka yi, kuma shingen nawa duk kafa ne.

Shekarar da mutanen Bogota, babban birnin ƙasarmu, suka tashi da zancen rage ƙona kwal a koma samun lantarki daga iska, sai alijuna, wato mutanen birni da ba namu ba, suka tuna muna duniya. Iskar da ta ƙare rayuwarta tana kwashe mana shanya tana zuba mana yashi a tukunya, rana ɗaya ta zama dukiya. Fararen motoci suka fara shigowa daga Riohacha, cike da daktoci. A nan duk alijunan da ya sa takalmi sau ciki ya riƙe robar ruwa dakta ne, ko da kuwa bai taɓa duba ko akuya ba. Suna so su kafa manyan fankoki a tudun da ke kallon teku, doka kuma ta ce sai sun nemi yardar masu ƙasa.

Suka hau tudun suka tarar da Nemesio da garkensa. Nemesio ɗan babban yayanmu ne, marigayi, wanda ba ma kiran sunansa. A tudun aka haife shi, a nan ya yi furfurar farko, amma uwarsa 'yar Epinayu ce, mu kuwa dangin uwa ake bi, don haka shi ma ɗan dangin Epinayu ne. Daktar da ke jagorantar su, wata doguwa mai fara'a, ta tambaye shi ko nan wurinsa ne. Ya ce a nan aka binne cibiyarsa. Ba ƙarya ya yi ba. Aka yanka akuya, aka soya naman irin suyarmu da muke kira friche, aka ɗauki hoto, suka ba shi hula mai tambarin kamfani, suka koma gari suna murna sun gama da masu ƙasa.

Labari ya iso wa Leoncio kafin man frichen ya daskare. Ya jira zama na biyu. Ranar ya sa hularsa ta saƙa, ya ɗauki sandarsa, muka bi shi mu mata kamar za mu biko. Ya bar dakta ta gama bayaninta tsaf, har da hoton fanka a allo, sa'an nan ya miƙe.

"Dakta," ya ce, "tambayi wannan bawan Allah inda ƙasusuwan kakarsa ta wajen uwa suke kwance."

Dakta ta kalli Nemesio. Nemesio ya kalli ƙasa.

"To ni in nuna miki na tawa kakar, ga su can bayan tudu. Wannan ɗan ɗan'uwana ne, ina sonsa. Amma baƙo ne a nan. Ciyawar da awakinsa ke ci ma aro ce."

Nemesio ya cire hular kamfanin ya ajiye a kan benci, ya tafi bai waiwaya ba. Gaskiya Leoncio ya faɗa, kowa ya sani ɗa na uwa ne, ƙasa kuma ta masu maƙabarta. Amma akwai gaskiyar da ba a faɗa wa mutum mai furfura a gaban alijuna, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Tun daga ranar Nemesio ya daina biyowa ta gidajenmu, ko kasuwar Uribia zai tafi sai ya zagaya ta bakin tafki.

In an zo ciniki kuwa, dole a sara wa yayana. Suka kawo buhunan shinkafa, ya ce a mayar, ba makoki muke yi ba. Suka ce za su riƙa turo tankar ruwa, ya ce tanka tana da taya, abin da ke da taya kuwa yana iya daina zuwa. Ya ce mun ga jirgin ƙasa mai dakon kwal yana wuce mu shekara da shekaru muna kunna kyandir, ba za mu sake zama 'yan kallo ba. Ya nemi kaso a cikin abin da fankokin za su samar, muddin suna juyawa. Ya nemi a ja wuta zuwa gidaje, a haƙa rijiya mai famfo. Suka je suka dawo, suka sake zuwa suka dawo, har dakta ta koyi gaisuwarmu ta safe, ta iso tana tambayarmu me muka yi mafarki. A ƙarshe suka yarda.

Abu na ƙarshe da ya nema shi ne aiki. Ya ce cikin masu kula da fankokin dole a samu namu, wanda zai hau ya gani da idonsa, kada a riƙa ba mu labarin dukiyarmu. Kuma saboda tsoron kada 'ya'yan Nemesio su shigo ta bayan gida, ya kafe cewa sai ɗan Jusayu ta wajen uwa. Dakta ta ce ko a bar ƙofar a buɗe kaɗan, a ce duk wanda aka haifa a yankin. Ya ce shi bai san ƙofa a buɗe kaɗan ba, ko a buɗe ko a rufe. Aka rufe, a gaban dangi da wakilin gwamnati, aka sha chicha, abin shanmu na masara.

Ana nan sai ga Yoleida ta dawo daga karatu.

Yoleida ita kaɗai Leoncio ya haifa. Uwarta 'yar Pushaina ce, ta rasu yarinyar tana rarrafe, ni na goye ta tare da nawa. Da ta isa makarantar gaba, kawunnanta na Pushaina suka ɗauki nauyinta kamar yadda ya kamata, suka kai ta Riohacha. Uba ba ya tsoma baki a wannan, kuma Leoncio, da yake shi ne sarkin bin ƙa'ida, bai taɓa tambayar me take karantawa ba don kada a ce yana shiga hurumin kawunnai. Ya taɓa ganin hotonta da farar riga, sai ya yanke wa kansa cewa aikin jinya ne. Shekaru yana gaya wa mutane 'yarsa nas ce, har yana tara mata ciwon gwiwarsa.

Ta sauko daga bayan mota da jaka mai nauyi. Da yamma, muna zaune a rumfar ubanta, ta zazzage ta. Ga hular kwano, ga wata ɗamara mai ƙarafuna, ga igiya mai kauri. Leoncio ya ɗaga ɗamarar yana juyawa, ya tambaya ko da wannan ake ɗaure masu karaya.

"Baba, ta hawa fanka ce," in ji ta, tana dariya. "Gyaran fankar lantarki na karanta. Tun da na ji za a kafa su a nan na sauya. Na ce in kowa na barin gida don neman aiki, ni aikina zai kawo ni gida."

Ban taɓa ganin fuskar yayana ta yi irin abin da ta yi ranar ba. Ya ajiye ɗamarar a hankali, ya ce zai je ya duba awaki, alhali awakin suna gabansa a kwance. Ni na gaya mata yadda aka yi. Ta saurara har ƙarshe, ta naɗe igiyarta, ta ce ai ba komai, Gwaggo, dama wani kamfani a Barranquilla ya ce ta zo ƙarshen wata, daga can ma suna tura mutane ƙasashen waje. Ta faɗa da murmushi, amma ni na goye ta, na san murmushinta na gaske.

Aikin kuwa ya faɗo kan ɗana Deiver, don shi ne ɗan Jusayun da ya gama sakandare. Deiver ɗan acaɓa ne tsakanin Uribia da bakin teku, ga surutu ga son waƙa, a ƙasa ba wanda ya kai shi ƙarfin hali. Amma tun yana yaro ko jaki ya hau sai ya rufe ido. Kamfani suka kai shi wani wuri da aka riga aka kafa fankoki don gwaji. Waɗanda suka raka shi sun ce ya fara hawa tsanin da waƙa, bai yi tsayin rumfa biyu ba waƙar ta koma addu'a, daga nan ya rungume ƙarfe ya ce shi a nan zai zauna. Sai da mutum biyu suka hau suka ɓamɓaro shi.

Ya dawo ya wuce kai tsaye wurin Leoncio. "Kawu, ka yafe ni," ya ce. "In fankar za ta kwanta a ƙasa, ni mai gyara ta ne har abada. Amma Allah bai yi ni tsuntsu ba."

Leoncio ya kira shi ragon banza, ya ce ya kunyata Jusayu. Deiver ya ce gara kunya da makoki, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Dakta kuma ta aiko cewa in ba a samu ɗan Jusayu ba, za su kawo nasu daga Medellin, tunda shi da bakinsa ya hana kowa.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Leoncio ya daina cin abinci sosai, ya kwanta a ragarsa ta lilo yana kallon rufin rumfa. Maganar da aka ƙulla a gaban dangi ba ta kwancuwa sai iyaye mata na dangin sun yarda, ni ce kuma babbarsu yanzu. Abin da zai yi kawai ya ɗaga murya ya ce, Eudocia, zo mu yi magana. Amma mutumin da ya tsaya gaban duniya ya ce ɗan namiji baƙo ne, da wane baki zai roƙa wa 'yar namiji? Kullum da safe sai ya leƙo ya tambaye ni me na yi mafarki, in ce ban yi ba, in tambaye shi, ya ce shi ma haka. Yoleida kuwa ta fara wanke kayanta tana shanyawa.

Wata safiya ina saƙa sai na ga tsoho Casimiro, mai kai magana, ya sauka daga jakinsa a ƙofar Leoncio. Casimiro ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ake aikawa in an zubar da jini tsakanin dangi da dangi, ko an sace garke, ya yi tafiyar yini don ya hana yaƙi. Na ce a raina wa kuma Deiver ya buge da babur. Can sai na ga ya fito, ya gyara hularsa, ya dogara sandarsa, ya tako 'yan takun da ke tsakanin rumfar yayana da tawa, ya tsaya a bakin shingena yana gyaran murya kamar wanda ya zo daga wata ƙasa.

Dariya ta taso mini, na danne ta. Tunda abin na al'ada ne, na yi masa na al'ada. Na ɗaura masa sabuwar raga, na dafa kofi, na tambaye shi hanya, ya ce hanya lafiya sai dai rana. Ya yi zancen ruwan da bai zo ba, ya yi zancen tsadar masara, ya kawo labarin wasu dangi biyu da suka yi rigima a zamanin kakansa. Duk wannan Leoncio yana can a ragarsa ya ba mu baya, kunnensa kuwa kamar zai tsinke ya taho.

Na ce, "Baba Casimiro, wane babban mutum ne ya aiko ka daga nesa haka?"

Bai yi ko murmushi ba. Ya ce Leoncio na Jusayu ne, yana neman alfarma wurin iyayen Jusayu, a bar 'yar Pushaina ta riƙe aikin fanka. Na ce a gaya wa Leoncio na Jusayu mun ji wani dattijo ya ce ƙofa ko a buɗe ko a rufe. Casimiro ya tashi da sandarsa, ya taka ya je, suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya zauna. Wannan karon ya daɗe yana zane a ƙasa da bakin sanda kafin ya yi magana.

"Ya ce in gaya miki, in ya mutu a bayan tudun nan zai kwanta, tare da ku. Ita kuwa 'yarsa in nata ajalin ya zo, Pushaina za su zo su ɗauki ƙasusuwanta, kamar yadda suka ɗauki na uwarta. Ba zai same ta a can ba. Ganin da ya rage masa shi ne na nan, shi ma ga shi da bakinsa ya kore ta."

Dariyar ta tafi. Tausayin yayana ya kama ni har na kasa ɗaga kai daga saƙar, don tunda muke ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Na ce Casimiro ya ba ni zuwa gobe.

Na tara 'yan'uwana mata a rumfar girki. Ba mu daɗe a kan Yoleida ba, duk mu muka yi mata kitso. A kan Nemesio muka daɗe. Washegari na ba Casimiro amsa: kason fanka na Jusayu ne, ba mai taɓa shi, ƙasa ma haka. Aiki kuwa a buɗe shi ga duk wanda aka haifa a ƙasar, ɗan mace ko ɗan namiji. In 'yar Leoncio za ta ci, 'ya'yan Nemesio ma su ci, wuta da famfo su kai gidansa, garkensa kuma ba mai tayar da shi. Sharaɗi ɗaya ne. Leoncio ya je wurin Nemesio da ƙafarsa, ba ɗan aike, in Nemesio bai yarda ba magana ta mutu.

Casimiro ya kai saƙo. Daga rumfata na ji yayana yana cewa mata sun haɗa masa kai, ya ce shi da ya goyi Nemesio a wuya ba zai je ya durƙusa masa ba. Ya yi ta faɗa har rana ta take. Da ta ɗan karkata sai na ga ya sa hula, ya bar sandar a jingine, ya kama hanyar tudu. Na ɗauki buhu na bi shi a baya, wai zan tsinci itace.

Mun tarar da Nemesio yana gyaran shingen garke. Ya ga baffansa sarai, ya ci gaba da ɗaure itace, ya bar shi tsaye a rana har sai da na fara jin haushi. Can ya aika aka ɗaura raga, aka kawo kofi. Leoncio, mai maganar da ke sa daktoci gumi, ya yi ta kame-kame. Ya yaba awaki, ya yaba shinge. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi, a gajarce, ya ƙara da cewa abin da ya yi ranar taro bai kyautu ba.

Nemesio ya juya kofinsa. "Baffa, ka ce ni baƙo ne."

"Na faɗa."

"To Yoleida fa?"

Leoncio ya ce, "Ita ma."

"Shi ke nan, mu biyu ne," in ji Nemesio. "A bar ta ta hau. Ni na san yadda ake ji a haife ka a wuri, ka san kowace ƙaya da ke cikinsa, a ce maka aro kake. Ba zan so mata ta ji shi a Barranquilla ita kaɗai ba. Ta ji shi a nan, cikin 'yan'uwa, ya fi sauƙi."

Ya sa aka kama ɗan akuya. Leoncio ya ci frichen nan kamar wanda ya dawo daga jinya, ni kuma na koma gida da buhu ba ko itace ɗaya.

Dakta ta sha mamaki da aka kira ta a sake zama, amma ba ta ce ai na faɗa ba, shi ya sa har yau nake ganin girmanta. Yoleida ta kwance jakarta. Babban ɗan Nemesio ya samu gadi, Deiver kuma ya samu kai ma'aikata da dawo da su a babur, yana gaya wa kowa cewa shi ma a kamfanin fanka yake, ɓangaren ƙasa.

Da aka gama kafa fankokin, ranar da Yoleida za ta fara hawa, dangi duka muka fita tudu, har da Pushaina da Epinayu. Ta sa hular kwano, ta ja ɗamara, ta shige ta ƙaramar ƙofar da ke gindin fankar. Muka yi ta jira, wuya a sama. Can sai ga wani ɗan ɗigo ya fito a ƙoli, kusa da inda fukafukan suka haɗu, yana ɗaga mana hannu. Mata suka yi guɗa. Na juya in nuna wa Leoncio, sai na gan shi zaune a kan dutse, ya ba fankar baya, ya ƙura wa teku ido, tsoro ya hana shi ɗaga kai sama.

Na ce, "Yaya, ga 'yarka can, ita kake ta neman gani."

Bai juyo ba. "Ke dai ki kalla," ya ce. "In ta sauko ki gaya mini."